Tambayi Likita: Jini Mai Saurin Daskarewa Da Ɓarin Da Ya Ƙi Tsayawa

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni huɗu na ware, kowa da irin kukansa amma duk akan ciwo ɗaya ne, wanda likitoci ke kira antifosfolifid, a takardar asibiti kuma zaku ga an rubuta APS. Na ɗan taƙaita saƙonnin saboda fili.

TAMBAYA

Likita dan Allah ka taimaka min. Shekarata 31, nayi ɓari sau uku duk ciki bai kai wata uku ba, na huɗun kuma sai da ya kai wata shida har ina jin motsi, rana ɗaya motsin ya tsaya, aka yi sikanin aka ce ya rasu a ciki kuma ba a ga wata nakasa a jikinshi ba. Yanzu anyi min gwajin jini ance akwai antikadiyolifin, amma likitan yace in dawo bayan sati 12 a sake. Ni wallahi na gaji da jira, wata ta ce min akwai allurar da ake yi a fatar ciki, in na saya na fara da kaina akwai matsala? 

Daga wata mai karatu

AMSA

'Yar uwa sannu, Allah ya baki haƙuri ya musanya miki da mafi alheri. Wanda bai taɓa zama da mace a ɗakin sikanin ana neman bugun zuciya shiru ba bazai gane nauyin abin da kika rubuta ba, shi yasa ban ga laifinki ba da kike ɗokin fara magani yau yau. Amma kar ki fara allurar nan da kanki, bari in miki bayani dalla dalla.

Jikin ɗan Adam yana da garkuwa, tana ƙera wasu sojoji da ke yawo cikin jini suna farautar ƙwayoyin cuta. A wannan ciwon sai garkuwar tayi kuskure ta ƙera sojojin da ke maƙalewa jikin wasu sinadarai na jikin mutum da kanshi, musamman wani furotin da ake kira beta-2, to daga nan sai bangon jijiya ya harzuƙa, ƙwayoyin da ke toshe rauni su riƙa mannewa juna, jini ya zama mai saurin yin guda a inda babu rauni balle a ce ana buƙata. Wani likita ɗan Birtaniya mai suna Graham Hughes ne ya fito da bayanin ciwon sosai a shekarar 1983 a Landan, har yanzu wasu da sunanshi suke kiran ciwon. Gudan jinin zai iya tsayawa a jijiyar ƙafa, zai iya tafiya huhu, zai iya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. A mai ciki kuwa mabiyiya ce ke shan wahala, ita da take cike da ƙananan hanyoyin jini wanda ta nan jariri ke samun abinci da iska, in hanyoyin suka lalace sai yaro ya daina girma ko ya rasu, ko uwar ta kamu da hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga.

Kafin likita ya ɗora wa mutum sunan ciwon nan sai abu biyu sun haɗu. Na farko sai an ga abin da ya faru a jiki, na biyu sai jini ya shaida. Masana sun zauna a Saforo ta Japan suka fitar da ƙa'ida a 1999, aka sake gyara ta a taron Sidni ta Ostiraliya aka wallafa a 2006, kuma ita ce mafi yawan likitoci suka saba aiki da ita. Ta ɓangaren ciki abin da ƙa'idar ta ce shine ɓari uku a jere kafin sati 10 ba tare da an gano wani dalili ba, ko rasuwar ɗan tayi mai cikakkiyar halitta ko da sau ɗaya ne daga sati 10 zuwa sama, ko haihuwa kafin sati 34 saboda tsananin hawan jinin ciki ko gazawar mabiyiya. Kinga ke ta nan ɓangaren kin cika sharaɗi, don haka likitanki yayi daidai da ya nemi gwajin, kuma ina yaba mishi, don abin da ke min ciwo shine yadda mata da yawa sai sun yi ɓari biyar shida ana ce musu su ƙara haƙuri ba wanda ya tuna ya ɗebi jini.

Saura shaidar jini. Gwaje gwajen da ke neman sojojin nan uku ne, akwai antikadiyolifin da aka miki, akwai anti-beta-2, sai kuma lufus antikowagulan. Ki duba takardarki da kyau ko duka ukun aka yi, in ɗaya ne kawai ki roƙa a cika sauran lokacin da kika koma. Sannan ki duba lambar da ke gaban sakamakon, don ba kowane "akwai" ne ake ƙirgawa ba, a antikadiyolifin sai ya haura 40 ake ɗaukarshi da nauyi, ɗan ƙaramin tashi ba ya yanke hukunci.

Toh me yasa sati 12? Saboda sojojin nan suna iya leƙowa su ɓace. Mutum zai yi zazzaɓi ko wata cuta ta shige shi, garkuwa ta tashi tsaye, in aka ɗebi jini a wannan tsakanin sai a gansu, bayan wata biyu uku a nema a rasa. Kai har cikin masu cikakkiyar lafiya ana samun mutum 1 zuwa 5 cikin 100 da suke ɗauke da su kuma ba abin da ya taɓa samunsu. Waɗanda suka zauna daram bayan sati 12 sune abin tsoro. Da za'a yanke hukunci da takarda ɗaya da an ɗora mutane da yawa kan maganin tsinka jini na shekaru alhali basu da ciwon, kuma an bar ainihin dalilin ɓarinsu ba'a nemo ba, don ɓarin farkon ciki yafi yawa daga matsalar halittar ɗan tayin ne tun farko, wani kuma daga siffar mahaifa ko ciwon suga ko maƙoƙo. Cikin matan da ke yawan ɓari wajen 15 cikin 100 ne ake samunsu da sojojin nan, ma'ana sauran da yawa nasu dalilin daban ne.

Allurar da aka faɗa miki hefarin ce, mai tsinka jini, wadda aka fi sani da sunan kamfani Clexane. Yanzu da baki da ciki kuma baki taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu ba, ba abin da zata tsinana miki sai tabo a fata da haɗarin zubar jini, sannan tana iya rikita gwajin lufus antikowagulan ɗin da muke so ya fito tsaf. Lokacinta na zuwa. In gwaji na biyu ya tabbatar, abin da aka saba yi shine ki fara shan ƙaramin asfirin, miligiram 75 zuwa 100 a rana, tun kina shirin ɗaukar ciki, ranar da gwajin ciki ya nuna ya shiga sai ki garzaya asibiti a ƙara miki hefarin, kullum sau ɗaya, gwargwadon nauyin jikinki. Hefarin ba ta tsallake mabiyiya, bata isa wajen jariri.

Na sha koya wa mata yin ta da kansu, ranar farko hannu na rawa, wata ma sai ta rufe ido. Zaki zauna ki kama fatar gefen ciki da yatsa biyu nesa da cibiya ki ɗaga ta, ki soka allurar a tsaye, siririya ce gajeriya bata kai inda yaro yake ko kusa, ki tura ruwan a hankali ki zare, kuma kar ki murza wajen don murzawar ce ke sa ya yi baƙi. Yau dama gobe hagu. Bayan sati guda zaki ga kin saba har kina yi kina hira.

Awo kuma naki ba irin na kowa bane, za'a riƙa duba hawan jini da fitsari akai akai, daga tsakiyar ciki a riƙa sikanin ana auna girman yaro da yadda jini ke gudu a igiyar cibiya. In naƙuda ta fara ko kika ga jini ki dakata da allurar ki sanar da masu karɓar haihuwa ƙarfe nawa kika yi ta ƙarshe, musamman in za'a miki allurar baya. Bayan haihuwa ba'a ajiye ta sai an yi sati 6, don wannan lokacin jinin mai jego yafi saurin daskarewa. Da wannan haɗin, fiye da mata 70 cikin 100 masu ciwon suna rungumar ɗansu da rai.

In kuma Allah ya kawo rabo kafin sati 12 ɗin su cika, kar ki zauna jiran ranar da aka rubuta miki, ki koma a satin, da irin tarihinki likita zai iya ganin dacewar fara maganin ba tare da jiran gwaji na biyu ba.

TAMBAYA

Salam likita. Ni matashi ne shekarata 29, bara ƙafata ta hagu ta kumbura haka kawai ba bugu ba faɗuwa, aka ce gudan jini ne, aka yi gwaji sau biyu aka ce duka ukun sun fito. Tun lokacin nake shan maganin tsinka jini wafarin, kullum ana tsira min allura wai gwajin INR na auna tsinkewar jinin, yau ace ya hau gobe ace ya sauka. Na gani a intanet akwai Xarelto da ba'a gwaji, zan iya komawa kanshi? Kuma sai yaushe zan daina tunda ƙafar ta warke?

Daga wani ɗan uwa

AMSA

Malam nasan wafarin magani ne mai gajiyarwa, ba kai kaɗai ke ƙorafi ba. Amma a yanayinka amsar a'a ce, kuma ba ra'ayina bane kawai. An gwada abin da kake tambaya a Italiya, aka ɗauki mutum 120 irinka masu gwaji uku duk sun fito, aka raba su, rabi wafarin rabi wancan maganin wato ribarokzaban. Dole aka tsayar da binciken kafin lokacinshi, don cikin masu shan sabon maganin mutum 4 sun samu shanyewar ɓarin jiki, 3 sun samu toshewar jijiyar zuciya, ɓangaren wafarin kuwa ko mutum ɗaya bai samu gudan jini ba. An wallafa sakamakon a 2018, a 2019 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta fitar da gargaɗi kan baiwa masu APS wannan dangin magungunan, musamman masu ukun nan. Maganin yana da kyau ga masu gudan jini na wasu dalilan, amma kai ba naka bane.

Maganar dainawa kuma, ƙafa ta warke amma sojojin suna nan cikin jini, kuma wanda jininshi ya daskare ba tare da wani dalili ba kamar tiyata ko doguwar kwanciya, in ya ajiye magani abin na yawan dawowa, wani lokacin ba a ƙafa zai dawo ba. Don haka ka sa a ranka tafiyar doguwa ce, ga mafi yawa har tsawon rayuwa.

Abin da zamu gyara shine hawa da saukar INR ɗin. Ana so ya zauna tsakanin 2 da 3, ƙasa da haka jini na iya daskarewa, sama sosai kuma zubar jini. In ka ga yana rawa to akwai abin da ke kaɗa shi, kuma sau da yawa in na zauna da mara lafiya muka bi kwanakinshi ɗaya bayan ɗaya sai mu kama ɓarawon. Ko dai lokacin shan ƙwayar ba ɗaya bane, yau da safe gobe da dare jibi an manta, ko kuma wani magani ya shigo. Metronidazol da Septrin suna harba INR sama, rifamfisin na tarin fuka yana kayar da shi ƙasa warwas. Ibufurofen da diklofenak su kuma ko basu taɓa lambar ba suna sa ciki zubar da jini, in ciwon kai ne ko zazzaɓi farasitamol yafi maka. Haɗe haɗen ganye da saiwa da ba'a san me ke ciki ba ka kiyaye su, barasa ma haka. Koren ganye yana da bitamin K wanda shine kishiyar wafarin, amma ba cewa nayi ka daina ci ba, wannan kuskure ne da mutane ke yi, ka dai riƙa ci daidai wa daida, kar ka yi wata baka taɓa ba sannan ka kwana uku kana ɗura.

Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba, ƙaramar na'urar nan da ake tsira yatsa ta bada INR nan take tana iya yin ƙarya ga mai lufus antikowagulan, ta nuna lamba sama da gaskiya, a rage maka magani alhali baka kai ba. In da ita ake maka ka nemi a ɗebi jini ta jijiya a kai ɗakin gwaji a kwatanta. Da zarar lambar ta zauna za'a riƙa tazara, har ya koma sau ɗaya a wata ko fiye.

Ka samu ɗan littafi kana rubuta kwanan wata da INR da yawan ƙwayar, ka sa kati a aljihu da ke nuna kana shan wafarin. Baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari, haɓon da ya wuce minti goma bai tsaya ba, ciwon kai mai tsanani ko buguwa a kai, duk waɗannan asibiti ne a take. Haka in numfashi ya ɗauke maka kwatsam ko ƙirji ya soke, ko baki ya karkace ko hannu ya saki. Akwai wani nau'in ciwon mai muni da jini ke daskarewa a gaɓoɓi da yawa cikin 'yan kwanaki, ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa lokaci guda, ba ya kai mutum 1 cikin 100 na masu ciwon, amma cikin abubuwan da ke tada shi akwai yanke magani kai tsaye, da shigar ƙwayar cuta, da tiyata. Shi yasa ko haƙori zaka cire sai likitanka ya sani tukun. In kana shan sigari kuma dan Allah ka bari, wuta kake ƙara wa fetur.

TAMBAYA

Likita ina cikin damuwa. Matata taje awon ciki aka yi mata gwajin VDRL akace tana da tunjere, ni aka gwada ni babu. Kwana huɗu bana iya cin abinci, ita kuma sai kuka tana rantsuwa. Ta taɓa ɓari biyu, kuma cinyoyinta akwai wani zane ja ja kamar raga in anyi sanyi.

Daga wani magidanci

AMSA

Maigida ka sassauta zuciyarka, ka koma ka lallashi matarka, don wannan gwajin shi kaɗai bai isa a tuhumi kowa ba. VDRL ba ƙwayar tunjere yake gani ba. Abin da ake zubawa cikin gwajin wani maiƙo ne mai suna kadiyolifin, wanda wata masaniya 'yar Amurka Mary Pangborn ta fara tacewa daga zuciyar saniya a 1941, gwajin yana neman sojojin da ke kama wannan maiƙon ne. Mai tunjere yana da su, amma mai APS ma yana da masu kama shi, har sunan gwajin ciwon daga nan ya samo asali. Ciki kanshi, da lufus (shima ciwon garkuwa ne), da zazzaɓin cizon sauro, duk suna iya sa VDRL ya nuna akwai alhali babu. Tun shekarun 1950 likitoci suka lura da haka.

Gobe ku koma tare a yi mata gwajin tabbatarwa, TPHA ko makamancinshi, wanda shi sojojin da ke yaƙar ƙwayar cutar kanta yake bi. Kar ku ja lokaci tunda akwai ciki, in ya tabbata allurar fenisilin na warkar da ita ta kare jaririn, kuma ko a hakan ba hujjar zargi bane don cutar tana iya kwanciya a jiki shekaru ba alama. In bai tabbata ba, to ɓari biyun nan da zanen ragar da ka kwatanta a cinya sun isa su sa in nemi gwaje gwajen antifosfolifid guda ukun, da ƙirgen ƙwayoyin da ke tsayar da jini don suma suna raguwa a ciwon, da gwajin lufus. Ka faɗa wa likitan maganar zanen da bakinka, in da hali ku ɗauki hotonshi a waya lokacin da ya fito, don sau da yawa in an shiga ɗakin likita jiki ya ɗumama sai ya dushe.

TAMBAYA

Yayata tana da ciwon nan. Ni lafiyata lau ban taɓa ɓari ba, amma ina shan ƙwayar tazarar haihuwa. Gado ne? In je in yi gwaji?

Daga ƙanwar mai jinya

AMSA

Ƙanwata ba'a gadonshi kai tsaye irin na sikila, kuma ba'a ɗauka ta zama tare ko cin abinci ko auratayya, sai dai cututtukan garkuwa suna ɗan bin dangi. Wanda bai taɓa samun komai ba ba'a cika tura shi gwaji ba, don ko an ga sojojin ba za'a ce yana da ciwon ba kuma ba za'a bashi wafarin ba. Amma tambaya ɗaya zan miki, yayar taki gudan jini ta samu tana da ƙuruciya? In eh, ki ɗauki kwalin ƙwayar ki kai wa likita ya duba ko akwai sinadarin estirojin a ciki, don shi da kanshi yana ƙara daskarewar jini, kuma tarihin 'yar uwa ta jini kaɗai ya isa a canza miki zuwa wata hanyar, kamar robar mahaifa ko ƙwayar da babu estirojin. Ita yayar taki kuwa ƙwaya mai estirojin ba tata bace sam, ki tambaye ta yau me take amfani da shi, in kuma wafarin take sha ki tuna mata duk ranar da al'adarta ta makara tayi gwajin ciki a take, don wafarin yana taɓa halittar ɗan tayi musamman tsakanin sati 6 da 12, ana so a mayar da ita kan hefarin kafin a kai nan.